Gargaɗi ga ɗaliban Gombe kan masu seminar "koyon kasuwanci da netwokin"

Salam jama'a. Dan Allah duk wanda yake da ɗa ko ƙani ko ƙanwa da ke karatu a nan Gombe ya tura masa wannan, musamman sababbin shiga da ba su gama sanin gari ba. Akwai wasu mutane da ke bin unguwannin da ɗalibai suke kama haya, irin su Tudun Wada da Tumfure, suna kiran yara wai semina ta koyon kasuwanci da netwokin. Ba zan kama suna ba, dan bayan 'yan watanni suke canza suna da kalar riga, amma salonsu ɗaya ne.

Ba baƙo ne zai fara maka magana ba, ɗan ajinku ne ko wanda kuke sallah tare zai turo maka saƙo a WhatsApp ya ce akwai wata dama, ka zo ranar Asabar, shiga kyauta. Ka je ka tarar da hol a wani otal, kiɗa na tashi, samari cikin kwat, ɗaya ya karɓi makirfo ya ce kwanan baya ko kuɗin Napep ba shi da shi yau ga makullin mota. Kuma abin da ke ba ni haushi, rabin farko na laccar tasu gaskiya ce zalla. Za su ce kar ka jira aikin gwamnati, ka raba jari da riba, ka dinga rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ka san mutane dan kasuwa da jama'a ake yin ta. Wa zai ja da wannan? Yaron da da ma yake da zuciyar nema yana zaune yana rubutawa, yana jin yau ya samu waɗanda suka fahimce shi. Sai da suka ga zuciya ta yi laushi sannan a fito da fom, a ce rijista kaza, fakej na farko kaza, wanda ya biya yau akwai ragi, gobe babu.

Ɗan yayata suka kama da haka. Yaro ne mai son sana'a wallahi, duk hutu a shagona yake wuni yana tambayar nawa aka saro wannan, me ya sa ake ba wane bashi ba a ba wane. Ya haɗa naira dubu 20 ɗin da NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnati, ke ba su duk wata na kusan zango guda, ya ƙara da kuɗin adashen mahaifiyarsa da ya ce mata na handawut ne, ya kai musu. Suka ba shi kwali ɗaya na shayin rage ƙiba da wasu kwalaben wai maganin ƙarin lafiya, a farashin da ba mai hankalin da zai saya a garin nan. Da ya koma ya ce kaya sun ƙi fita, sai ogan nasa ya ce ai kuɗin ba a sayar da kaya yake ba, ka kawo mutum uku su yi rijista a ƙarƙashinka ka ci kamasho, su ma kowa ya kawo uku. Haka ya zo min, Kawu ka shigo ƙarƙashina. Na ce to wa yake sayen shayin nan wanda ba ɗan ƙungiyarku ba? Ya yi shiru. Kafin nan ya riga ya sa abokansa biyu, yanzu ɗayan ko gaisuwarsa ba ya amsawa, kuma wannan ya fi kuɗin yi masa ciwo.

Ku ɗauki kalkuleta ku buga da kanku. Uku su kawo tara, tara su kawo 27, su kawo 81. A hawa na 10 ana buƙatar sababbin mutane 59,049, a hawa na 14 ana neman sama da miliyan huɗu da dubu ɗari bakwai, wato ninki biyu na duk mutanen da aka ƙirga a jihar Gombe a ƙidayar 2006. Ina za a samo su? Dole abin ya tsaya, kuma in ya tsaya na ƙasa ne suke kwana ciki, su ne kuma mafi yawa. Ba sabon abu ba ne, an ga irin wannan tsari a MMM da CBEX: MMM ta rufe akawun ɗin mutane a Disambar 2016 ana dab da kirsimeti, CBEX ta ruguje a Afrilun 2025 da kuɗin jama'a. Waɗannan na yanzu dai sun ƙara kwalin shayi ne dan a ce ai akwai kaya.

Za su nuna maka satifiket na CAC a firem su ce ga shi gwamnati ta san da mu. Rijistar CAC ba ta nufin komai illa an rubuta sunan kamfani, mai shagon caji ma zai iya yi. Wanda zai karɓi kuɗin mutane da alƙawarin riba sai da rijistar SEC, hukumar da ke kula da harkar zuba jari, kuma kana iya dubawa a shafinsu na intanet ko sunansa na ciki. Dokar zuba jari da aka sa wa hannu a 2025 ta haramta irin wannan tsari ƙarara, har da ɗauri. Ka juya kwalbar ma ka duba akwai lambar NAFDAC kuwa? Sannan ka lura, kuɗin a akawun ɗin mutum ɗaya suke cewa a tura ba na kamfani ba, kuma in ka ce bari in yi shawara da babana sai su ce kar ka faɗa wa masu kashe gwiwa. Duk cinikin da ake hana ka gaya wa iyayenka akwai lauje cikin naɗi.

Ni ban ce ɗalibi kar ya nemi na kansa ba, ina ma a ce kowa ya fara tun yana makaranta. Amma sanin mutanen da ke amfani ba a hol ake sayen sa ba. Ka je Tudun Hatsi ranar da ba lacca ka zauna wajen wani dattijo mai wake ko masara ka taya shi ɗinke buhu, a wata ɗaya za ka san dillali, ka san direban da ke lodin Kudu, ka san lokacin da farashi ke faɗuwa da kaka da lokacin da yake tashi. Ko ka saro shinkafar Dadin Kowa mudu goma ka sayar wa 'yan hostel, ko data, ko gyaran waya a Babbar Kasuwa. Ribar kaɗan ce, amma daga aljihun mai saye ta fito, ba daga kuɗin makarantar abokinka ba.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, dan girman Allah kar ka ce bari in sa wasu ko zan maida nawa, nan ne ake komawa daga wanda aka cuta zuwa macuci. Ka tsaya haka, ka adana rasit da alat na banki da duk hirarku ta WhatsApp, ka nemi sauran da abin ya shafa ku haɗu ku kai ofishin EFCC da ke nan cikin Gombe, sannan ka gaya wa na gida gaskiya tun kafin su ji a bakin wani.