Hawan dukushi: a shekara 2 ko a shekara 4?

Ana yawan tambayata wanne ya fi, a ɗora wa dukushi sirdi yana shekara 2 ko a jira ya kai 4. Farawa da wuri ta fi sauƙin kuɗi, domin mai jira zai ƙara ciyarwar shekara 2 bai more shi ba. Haɗarin yana cikin ƙashi: gwiwoyi kan yi ƙwari wajen shekara 2, amma ƙashin baya, wanda ke ɗaukar mahayi, sai kusan shekara 6, kuma wannan ne ya fi damuna. Shekara 2 ta dace da masu dawakin sukuwa da ke da mahayi mara nauyi da ƙwararren mai horo. Mai son ya daɗe yana hawan dokinsa kuwa, gara ya jira 4, yana saba masa da linzami daga ƙasa.