Digiri na biyu a fannin kasuwanci a Saudiyya: wace makaranta, kuma ta wace ƙofa?

Bahaushen da ke zaune a Jidda, Makka, Madina ko Riyad, da wanda yake gida Najeriya ko Nijar yana hangen zuwa, idan ya ƙudurta yin digiri na biyu a fannin kasuwanci, yawanci sunan makaranta yake fara bi. Shawararmu ita ce ya fara da shafin da kowa ke tsallakewa, wato inda makarantar ta rubuta "ru'uya" da "risala", burinta da manufarta. A nan ne take faɗin wanda aka kafa ta dominsa, kuma daga nan sharuɗɗan ɗaukar ɗalibanta suke fitowa. Hatta hukumar AACSB ta Amurka mai tantance makarantun kasuwanci, wadda hatiminta ya fi kowanne kwarjini a wannan fanni, tana auna makaranta ne da manufar da ita makarantar ta ɗora wa kanta. Don haka makarantu biyu na iya riƙe hatimi iri ɗaya, amma abin da suke koyarwa da irin mutanen da suke nema ya sha bamban.

Ɗauki Jami'ar Sarki Fahad ta Man Fetur da Ma'adinai da ke Zahran. An kafa ta a 1963, tana maƙwabtaka da hedkwatar Aramco, da Turanci ake koyarwa, kuma makarantar kasuwancinta ta taso ne don hidimar masana'antu. Injiniya, ko wanda ya karanta lissafi ko kwamfuta, nan ne zai fi sakewa. Wanda ƙididdiga ke ba shi ciwon kai ya yi tunani sau biyu. Jami'ar Sarki Sa'ud ta Riyad, wadda aka kafa a 1957, da Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta Jidda, ta 1967, manyan jami'o'in gwamnati ne da aka ɗora wa aikin bincike da horar da ma'aikatan ƙasa. Suna da digiri mai rubuta kundin bincike, suna kuma da shirye-shiryen biyan kuɗi na masu aiki. Ta Jidda tana da wani abin da ya kamata ɗan arewa ya duba da kyau: Cibiyar Tattalin Arzikin Musulunci, wadda ta samo asali daga taron duniya na farko kan wannan ilimi da aka yi a Makka a 1976. Mai niyyar komawa gida ya yi aiki a bankin da ba ya mu'amala da riba, ko a harkar takaful (inshorar Musulunci) da sukuk (takardun zuba jari na Musulunci), wannan fanni ya fi masa amfani a kan MBA, wato digiri na biyu na gudanar da kasuwanci na gama-gari.

Kwalejin Yarima Muhammad bin Salman ta Kasuwanci, a Birnin Tattalin Arziki na Sarki Abdullah da ke arewa da Jidda, salonta daban ne. An kafa ta da haɗin gwiwar Kwalejin Babson ta Amurka, kuma manufarta ita ce samar da masu buɗe sana'a da masu jagorantar kamfanoni. A irin wannan makaranta, abin da ka gina da hannunka da yadda ka yi bayaninsa a ganawar baki-da-baki yana da nauyi sosai. Sai jami'o'i masu zaman kansu, irin su Alfaisal da Yarima Sultan a Riyad, da UBT, Effat da Darul Hikma a Jidda: ƙofarsu ta fi sauƙin buɗewa ga baƙo, aljihu ne ke ji a jika. Jami'ar Saudiyya ta Intanet kuwa tana haɗa karatu daga gida da halartar aji, abin da ya dace da wanda aikinsa ba ya barin sa motsi.

Kafin ka zaɓi makaranta, san irin digirin da kake so. MBA na wanda ya riga ya yi aiki ne yana son ya riƙe ragamar sashe ko kamfani. Hukumar AMBA ta Ingila, mai tantance shirye-shiryen MBA, ma ba ta amincewa da shirin MBA sai ɗalibansa suna da aƙalla shekara uku na aiki. Na manyan ma'aikata, wanda Larabawa ke kira "tanfizi", da yamma ko ƙarshen mako ake yin sa, kuma shi ya fi tsada. Mai son koyarwa a jami'a ko ci gaba zuwa digiri na uku ya nemi majistir, wato digiri na biyu, mai kundin bincike. Mutane da yawa suna gama tanfizi sannan su tarar sashen da suke nema don digiri na uku yana tambayar kundin da ba su rubuta ba.

Ƙofar farko ita ce matsayinka a ƙasar. A jami'o'in gwamnati, wanda ba ɗan ƙasa ba yana shiga ne ta "minha", wato gurbin karatu da ake ba baƙi. Akwai ta cikin gida, ga mazaunin Saudiyya da iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, ke da rai, akwai ta waje ga mai zuwa daga wata ƙasa, kuma ana nema ta dandalin Ma'aikatar Ilimi mai suna "Udrus fis Sa'udiyya". Minha iri uku ce: cikakkiya, ta wani ɓangare, da wadda kai za ka biya. Ta waje tana da iyakar shekaru, a ƙa'ida 30 ga majistir, 35 ga digiri na uku. Wannan iyaka ce ke kayar da yawancin masu neman MBA daga gida, domin kafin mutum ya gama jami'a da yajin aikinta, ya yi bautar ƙasa, ya tara shekarun aiki, talatin ta wuce. 'Yan'uwanmu haifaffun Makka da Jidda kuwa, abin da za su fara gyarawa shi ne takardar zama. Harshe ba matsalarsu ba ne, amma babu jami'ar da za ta buɗe fayil ba tare da iƙama mai aiki ba. Ma'aikaci kuma ana yawan neman ya kawo amincewar wurin aikinsa a rubuce.

Ƙofa ta biyu maki ne, kuma a nan ne muke son mai karatu ya nutsu. Abin da aka saba nema don majistir shi ne darajar "jayyid jiddan", wato mai kyau ƙwarai. A ma'aunin Saudiyya wannan yana farawa daga 3.75 cikin 5, ko 2.75 cikin 4. A ma'aunin Najeriya kuwa, babbar daraja ta biyu tana farawa daga 3.50 cikin 5. Ka ga ke nan mai 3.55 daga gida yana da digiri mai kyau, amma idan ma'aikacin ofishin ɗauka ya ɗora lambar a kan nasu ma'aunin, sai ta faɗa "jayyid" kawai. Maganinsa shi ne ka haɗa da takardar jami'arka da ke bayanin ma'auninta, wadda sau da yawa take bayan takardar sakamako, ka kuma rubuta wa sashen tun kafin a rufe nema ka tambayi yadda suke juya maki. Mai HND ya sani ba a ɗaukarta daidai da digirin farko kai tsaye. Mai lisans, wato digirin farko, ta shekara uku daga Nijar ya tambaya tun da wuri, tunda digirin farko a Saudiyya shekara huɗu ne. Haka wanda ya yi karatu daga nesa, domin sanarwa da yawa suna sharɗanta digirin "intizam", na halartar aji, ba na "intisab" ba.

Jarrabawa kada ka biya kuɗinta sai ka ga sunanta a sanarwar shekarar. Wasu shirye-shirye suna neman GMAT ko GRE, jarrabawoyin ƙasa da ƙasa na shiga digiri na biyu, wasu jarrabawar ƙwarewa ta masu digiri da cibiyar Ƙiyas ta Saudiyya ke shiryawa, wasu ganawa kaɗai. GMAT ta yanzu sassa uku ce, kowanne minti 45, makinta daga 205 zuwa 805, kuma tana aiki shekara biyar. Idan ka ga makaranta ta rubuta lamba mai ƙarewa da sifili, kamar 500, tsohon ma'auni ne na 200 zuwa 800, sai ka tambayi daidanta a sabo. Jarrabawoyin Turanci na IELTS da TOEFL shekara biyu suke yi su mutu. A Saudiyya wasu jami'o'in suna karɓar STEP, jarrabawar Turanci ta ƙasar, wadda ta fi araha. Kada ɗan Najeriya ya ɗauka an yafe masa jarrabawar Turanci don ya yi karatu da shi. Wasu suna yafewa da wasiƙa daga jami'a, wasu ba sa yi.

Takardu su ne masu cin lokaci. Shahada, wato takardar shaidar digiri, da sakamako daga Najeriya sai sun bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, da ta Harkokin Waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Saudiyya. Sunanka ya zama iri ɗaya a fasfo, shahada da iƙama. Muhammadu a nan, Mohammed a can, ko sunan garinku a matsayin sunan dangi a takarda ɗaya kawai, ya isa ya tsayar da fayil har a rufe nema. Wasiƙun shaida biyu, aƙalla ɗaya daga malamin da ya koyar da kai, ka roƙe su wata biyu kafin lokaci.

Wajen kuɗi, ka nemi farashin sa'ar karatu ɗaya ka ninka da adadin sa'o'in shirin, sannan ka tambayi abu biyu. Na farko, darussan cike giɓi, "mawad takmiliyya", da ake ɗora wa wanda bai karanta kasuwanci ba, domin suna ƙara zango da kuɗi. Na biyu, harajin VAT na kashi 15 cikin 100, wanda gwamnati ke ɗauke wa 'yan ƙasa a makarantu masu zaman kansu, baƙo kuwa shi ke biyan abinsa.

Fannin da za ka ƙware a kai ya danganta da inda za ka ci abinci da shi. Mai niyyar zama a Saudiyya ya tuna da tsarin Niɗaƙat na fifita 'yan ƙasa a aiki: kujerun kula da ma'aikata an keɓe su ga 'yan ƙasa, don haka ƙwarewa a wannan fanni asarar kuɗi ce ga baƙo, akanta kuma sai ya yi rajista da hukumar akantoci ta SOCPA kafin ya yi aiki da sunan. Mai komawa gida ya tabbatar hukumar NCAAA ta Saudiyya, mai tantance jami'o'i, ta amince da shirin, ya adana bayanin kowane darasi da sa'o'insa, domin Ma'aikatar Ilimi a Abuja za ta tantance shahadar kafin a lissafa masa ita a aikin gwamnati ko a jami'a.