Hattara da "shayin China" da ake tallata muku don tare ƙibar Sallah

Da zarar an shiga goman ƙarshe na azumi, ko kuma raguna sun fara cika kasuwa, sai tallar nan ta dawo. A status na WhatsApp, a Instagram da TikTok, har cikin gurup ɗin matan unguwa da aka buɗe don adashi: "Hajiya, ci namanki son ranki, shayinmu zai narkar da kitsen." Wannan ta ce sirrin likitocin sarakunan China ne tun shekaru dubbai, waccan ta ce daga Koriya ko Japan aka yo odarsa. Ga hoton mace da tumbi, ga wani hoton babu tumbi, ga muryar wata tana rantse-rantsen ta zubar da kilo 10 cikin mako biyu. Kayan kala-kala ne: shayi a 'yan jakunkuna, kafso, kofi, da wani abu da ake mannawa a cibiya a kwana da shi.

'Yan'uwa, musamman mata da aka fi yi wa wannan tarko, ku riƙe kuɗinku. Mafi yawan abin da ake sayarwa da wannan suna ɗayan uku ne: maganin gudawa, ko maganin asibiti da aka haramta aka ɓoye a ciki, ko kuma abin da ba ya yin komai. Na ukun shi ne mai sauƙi, don aljihu kaɗai yake taɓawa.

A fara da alkawarin kansa. Kafin jiki ya ƙona kilo ɗaya na kitse sai ya yi giɓin kalori (ma'aunin kuzarin da abinci ke ba jiki) kusan 7,700, alhali abin da babban mutum ke ci a yini bai cika wuce 2,000 zuwa 2,500 ba. Ko da mace ta daina cin komai tsawon mako biyun, ba za ta ƙona kilo 10 na kitse ba, balle wadda aka ce ta ci soyayyen nama da cincin son ranta. To me ke sa sikeli ya sauka? Ruwa. Shayin rage ƙiba da yawa ganyen sanamaki ne a ciki, ɗan'uwan filaskon da kakanninmu suka sani, wanda ake sha idan ciki ya ɗaure. Aikinsa ya tsikari hanji ya kora abin da ke ciki. Kafin abinci ya kai inda ganyen yake aiki, jiki ya riga ya tsotse abin da zai tsotsa, saboda haka kitse na nan daram. Mutum ya kwana yana zaryar banɗaki, da safe ya hau sikeli ya ga ya ragu, ya sha ruwa kwana biyu nauyin ya dawo. Idan aka yi wa mai sayarwa ƙorafin murɗar ciki, amsarta a shirye take: "Dattin ciki ne ke fita, Anti, ki daure." Abin da ke fita ruwan jiki ne da sinadarin fotashiyam, wanda zuciya ke bukata don ta buga daidai. Wanda ya daɗe yana sha kuwa, hanjinsa kan saba, har ya zama ba ya iya bayan gida sai da shi.

Na biyun ne ya fi ba ni tsoro. Akwai wani magani mai suna sibutramine da likitoci suka taɓa rubutawa don kashe sha'awar abinci. A 2010 aka janye shi daga kasuwa a Tarayyar Turai da Amurka, ita ma China ta dakatar da shi a shekarar, bayan wani babban bincike ya nuna yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ga masu matsalar zuciya. Tun daga lokacin hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, take ta gano shi a ɓoye cikin kafso da shayi da kofi masu ɗauke da rubutun cewa zallar ganye ne. A wasu kuma an samu phenolphthalein, wani tsohon maganin gudawa da aka cire daga kasuwar Amurka saboda zargin yana jawo ciwon daji, a wasu an samu maganin sa fitsari. Dalilin zuba su a fili yake: ganye kaɗai ba zai sa mai saye ta ga canji cikin kwana uku ta dawo ta ƙara saye ba. Idan kin sha wani abu "na gargajiya" sai bakinki ya bushe, barci ya ƙaurace, gabanki ya riƙa faɗuwa, abinci ya fita ranki gaba ɗaya, kada ki yi murna wai yana aiki. Alamomin irin wannan ƙwaya ke nan. Mu kuma al'umma ce da hawan jini ya yi wa katutu, da yawa suna da shi ba su ma sani ba.

Ba yau aka fara ba, kuma ba talakawa ko marasa ilimi kaɗai abin ya ci ba. A farkon shekarun 1990, a wani asibitin rage ƙiba da ke Burasel, babban birnin Beljiyam, an riƙa ba mata kafso mai haɗe da ganyayen China. Wajen shigo da kayan aka musanya wani saiwa da wani, domin sunayensu sun yi kama a yaren Sinanci: maimakon Stephania tetrandra aka kawo Aristolochia fangchi, wanda ke ɗauke da guba mai cin ƙoda. Fiye da mutum 100 ƙodarsu ta lalace, da yawa suka koma kan wankin ƙoda ko aka yi musu dashe, daga baya kuma aka gano ciwon daji a hanyar fitsarin wasu daga cikinsu. Wannan fa a Turai, a hannun likitoci masu lasisi. Ina ga kwalin da ya biyo kwantena, aka juye shi cikin roba marar suna a ɗakin wata? A 2002 kuma wata ƙwaya da ake kira Slim 10, da aka yi a China, ta tayar da hankali a Singafo: mace ɗaya ta rasu, 'yar wasan talabijin Andrea De Cruz kuma hantarta ta mutu, sai da saurayinta Pierre Png ya ba ta wani yanki na tasa. An samu haramtaccen sinadarin fenfluramine a cikin ƙwayar. A shekarar dai, irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutane a Japan, wasu ɗaruruwa suka kwanta. Garin neman gira aka rasa ido.

Kada a fahimce ni a baibai. Likitancin gargajiya na China ilimi ne da ake karantawa a jami'o'insu, yana da asibitoci da dokoki. Daga cikinsa wata masaniyar kimiyya 'yar China, Tu Youyou, ta zaƙulo artemisinin a jikin wani ganye dangin tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015, kuma shi ne ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha yau. Sai dai ya kai wannan matsayi ne bayan gwaji na shekaru, da awo, da sanin adadin da za a sha. Likitan gargajiya na can ma sai ya ga mutum ido da ido, ya taɓa bugun jijiyarsa, ya duba harshensa, sannan ya haɗa masa nasa maganin. Ba ya ɗaura wa duniya duka shayi ɗaya ta waya. Dubi wani tsiro da suke kira ma huang, wato ephedra. A al'adarsu na mura da tari da asma ne, na 'yan kwanaki. 'Yan kasuwa suka mayar da shi maganin rage ƙiba, aka yi ta samun bugun zuciya da mace-mace, har Amurka ta haramta sayar da shi a wannan siga a 2004. Abin da suke da shi don wanda ya cika ciki a wurin biki, irin haɗin Bao He Wan ko shayin pu'er na lardin Yunnan, na sauƙaƙa kumburi da nauyin ciki ne. Mannin cibiya kuwa ba na ma tsaya ɓata lokaci a kansa, babu wata hujja da ta nuna yana taɓa kitse.

Wani abin takaici, ƙibar da ake tsorata ku da ita ba ta kai yadda ake zuzutawa ba. A wani bincike da aka wallafa a 2000, masana na cibiyar binciken lafiya ta Amurka, NIH, sun auna mutum 195 a lokacin bukukuwansu na ƙarshen shekara, wajen mako shida na ciye-ciye, suka ga abin da aka ƙara a tsakaice bai kai rabin kilo ba. Matsalar da suka gano ita ce yawanci ba a sauke shi bayan bikin, sai ya yi ta taruwa shekara bayan shekara. Sallarmu kwana nawa ce? Kilo biyun da kike gani washegarin layya, yawancinsa gishiri ne ya riƙe ruwa, da abincin da bai gama wucewa ba. Rage lemon kwalba, a raba naman a ci a hankali maimakon a tasa shi gaba kwana uku, a taka da ƙafa zuwa gaishe-gaishen da ba su da nisa. Mutanen Okinawa da ke Japan suna da al'adar tashi daga abinci kafin ciki ya cika, mu kuma muna da hadisin raba ciki kashi uku. Babu wanda ke tallata waɗannan saboda babu riba a ciki.

Ga yadda cinikin ke tafiya. Babu shago, sai dai a turo kuɗi a asusun wani suna dabam. Kwalin duk rubutun Sinanci ne da mai sayarwar kanta ba ta iya karantawa, ko kuma an cire kayan daga kwalinsu. Hotunan shaida na wasu mata ne da aka kwaso daga intanet. Idan na farko bai yi ba, a ce jikinki mai taurin kai ne, sai kin haɗa da "mai ƙarfi", wanda ya fi tsada. Daga nan a yi miki tayin zama dila: ki biya kuɗin rajista, ki sayi katan, ki kawo mutum uku. Nan ne asarar ke zama babba, don kin koma sayar wa ƙawayenki da danginki abin da ba ki san mene ne ba, kuma ranar da ya kwantar da wata, ƙofarki za a ƙwanƙwasa. Wadda ta sa ki ciki ta daɗe da toshe lambarki. Masu jego da amare su aka fi farauta, da zancen tumbin haihuwa da kayan fitar biki, alhali mai shayarwa da mai ciki su ne ya fi kamata su nisanci abin.

Wata za ta nuna miki lambar NAFDAC. A duba ta a Greenbook, rumbun da hukumar ta sa a intanet, a ga ko sunan kayan da kamfanin sun dace da lambar, domin ana kwafo lambar wani kaya a buga a kan wani. Ko lambar ta gaskiya ce, idan ta ƙare da harafin L, rajistar farko ce ta maganin gargajiya. Ba shaida ba ce cewa hukumar ta tabbatar yana rage ƙiba, shi ya sa ake wajabta rubuta a jikin kwalin cewa NAFDAC ba ta tantance iƙirarin ba.

Wadda ta riga ta fara sha ta dakata yau, kada ta jira ta ƙarasa kwalin don jin zafin kuɗinta. In akwai faɗuwar gaba, ciwon ƙirji, jiri, kumburin ƙafa, raguwar fitsari, ko ido ya yi ɗorawa, a tafi asibiti da kwalin a hannu, a gaya wa likita gaskiyar abin da aka sha da tsawon lokacin, a nemi gwajin ƙoda da hanta da awon jini. A adana hirar da aka yi da mai sayarwa da shaidar tura kuɗi, a kai rahoto ofishin NAFDAC na jiha ko ta manhajarsu ta Med Safety, batun kuɗin kuma a kai wa hukumar kare masu saye ta FCCPC. Sauran kayan kada a ba wata ta gwada, a miƙa su tare da rahoton don a auna abin da ke ciki.