Babban injiniyan ofis ko jagora na waje: wanne ya fi wa sabon injiniyan manhaja?

Wani ɗan'uwa ya tambaya a zauren nan: ya gama digiri a kimiyyar kwamfuta, ya samu aiki a ƙaramin kamfani, yana neman wanda zai ɗora shi a hanya. Ya manne wa babban injiniyan ofishinsu, ko ya nemi wani a waje?

Ƙanena, in dole sai ɗaya a shekararka ta farko, na ofis nake zaɓa maka, saboda shi ne ke ganin kod ɗinka, wato umarnin da kake rubuta wa kwamfuta. A jami'a ka saba rubuta abu daga farko kai kaɗai. A wurin aiki kuwa, yawancin lokacinka zai tafi ne wajen gyara abin da wasu suka rubuta tun kafin ka zo, wasunsu ma sun bar kamfanin. Babban injiniyan ofis ya san dalilin da ya sa aka tsara rumbun bayanai a haka, ya san fayil ɗin da in ka taɓa komai zai tsaya. Idan ka tura gyara ya dawo maka da shi cike da sharhi, to karatun ke nan, kamar yaron gareji da maigidansa ya sa ya sake kwance inji. Kada ka ji haushi, tambaye shi dalilin kowane sharhi. Ka roƙi minti 30 a mako, ka je da tambayoyinka a rubuce, tare da abin da ka gwada kafin ka maƙale.

Sai dai akwai maganar da ba za ka iya yi da shi ba. Ba za ka ce masa albashi ya yi kaɗan ko kana neman wani aikin ba, musamman in shi ke rubuta rahoton ƙwazonka. Kuma abin da gidan ya saba shi zai koya maka. In ba sa rubuta gwaji ga kod ɗinsu, haka kai ma za ka tashi.

A nan na waje yake da amfani. Bai san aikinka ba, kuma saƙonka na iya kwana da kwanaki bai amsa ba, amma ba ruwansa da siyasar ofishinku, zai faɗa maka gaskiya kan albashi da fannin da ya kamata ka bi. Ana haɗuwa da irinsu a taron DevFest da rassan GDG, ƙungiyar masu haɗa manhaja da Google ke tallafa wa, ke shiryawa a Kano da Kaduna, ko a CoLab, cibiyar masu fasaha da ke Kaduna. Mai sha'awar sarrafa harshe da kwamfuta ya leƙa ƙungiyoyin bincike na HausaNLP da Masakhane. A shafin intanet na ADPList kuma ana neman ganawa da ƙwararru kyauta.

Manhajojin da kod ɗinsu ke buɗe ga kowa sun haɗa amfanin biyun: wanda kake tura wa gyara a can mutumin waje ne, amma yana duba aikinka layi-layi. Google Summer of Code, shirin shigar da sababbi cikin irin wannan aiki da aka fara a 2005, ya daina sharaɗin zama ɗalibi tun 2022, kuma ana haɗa ka da jagora. Wani shiri makamancinsa, Outreachy, na biyan dala 7,000 a wata uku, amma yana cin kusan awa 30 a mako, don haka bai dace da mai cikakken aiki irinka ba. Kai ka shiga GitHub, shafin da ake ajiye kod ɗin irin waɗannan manhajoji, ka nemi ƙananan matsalolin da aka ware wa sababbi.

Ko wanne ka tunkara, kada ka aika "Salam, ina so ka zama jagorana" ka yi shiru. Da wuya a amsa. Aika tambaya ɗaya takamaimiya da kod ɗin da ya ba ka wahala, in ya amsa ka gwada shawarar, ka dawo ka gaya masa abin da ya faru.