Inshorar tafiyar da na saya kafin guguwar Milton ta ritsa da mu a Fulorida, ga yadda ta kaya

Jama'a tunda an biya ni kuɗina na ƙarshe yanzu zan iya magana da hujja akan wannan inshorar tafiya, dan mutane da yawa a cikinmu masu zuwa Amurka ko masu zama a nan suna ganin wannan ɗan akwatin da ke fitowa lokacin da kake sayen tikiti a intanet yana tambayarka ko kana son inshora, sai kawai mu danna a'a mu wuce. Ni wannan karon na saya, amma ba ta wurin tikitin ba, daban na je na saya a wani kamfanin inshora wanda ba zan faɗi sunansa ba saboda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma dai sharuɗɗan nasu kusan duk iri ɗaya ne a kamfanonin nan. A taƙaice tauraro huɗu cikin biyar na ba su, sun biya abin da suka rubuta za su biya, sai dai ranar da na fi buƙatar su ba su tsinana min komai ba.

Tafiyar ta iyali ce, ni da uwargida da yara, a farkon Oktoban 2024. Tsarin shi ne mu sauka Olando yara su ga wuraren wasannin nan, daga nan mu ɗau motar haya mu bi titin I-4 zuwa ɓangaren Tampa mu kwana a wani otal kusa da teku, ranar Alhamis 10 ga wata mu tashi daga filin jirgin Tampa mu koma gida. Dalilin da ya sa na sayi inshorar tun ranar da na biya tikiti shi ne kowa ya san lokacin mahaukaciyar guguwa a tekun Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba nan ne abin ya fi ƙamari. Kuɗin inshorar yawanci tsakanin kashi 4 ne zuwa 10 cikin ɗari na abin da ka kashe a tafiyar, ya danganta da shekarunku da tsadar tafiyar, namu ya faɗo ta ƙasa ƙasa.

Toh muna Olando ranar Asabar 5 ga wata aka sa wa guguwar suna Milton, lokacin tana can yammacin mashigin tekun Meziko. Wannan ranar ku riƙe ta dan ita ce komai a harkar inshora. Daga ranar da aka raɗa wa guguwa suna kamfanonin sun ɗauke ta a matsayin abin da aka riga aka sani, duk wanda ya sayi inshora bayan nan ba za su biya shi asarar da wannan guguwar ta jawo masa ba. Akwai wani bawan Allah da muka haɗu a otal shi ma da iyalinsa, ranar Lahadi da ya ga labarai sun fara zafi ya yi maza ya saya a waya, daga baya muka yi magana ya ce ko sisi ba su ba shi ba, kuma wallahi na tausaya masa dan asararsa ta fi tawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, su ma kamfanonin da wannan suke aiki.

Ranar Litinin abin ya rikice gaba ɗaya. Cikin kwana ɗaya Milton ta haura har mataki na 5 wanda shi ne ƙololuwa, iskarta ta kai wajen kilomita 285 a awa, ga shi mutanen yankin ko farfaɗowa ba su yi ba daga guguwar Helene da ta bugi Fulorida ranar 26 ga Satumba, har lokacin tarkacen kayan gidaje na jibge a bakin tituna a garuruwan bakin teku. Magajiyar garin Tampa Jane Castor ta fito a talabijin ta faɗa wa mutane ƙarara cewa wanda ya zauna a yankin da aka ce a tashi mutuwa zai yi. Shugaban Amurka na lokacin Biden kansa washegari sai da ya ɗage tafiyarsa zuwa Jamus da Angola saboda guguwar, kaga kuwa balle mu. Uwargida ta ce Baban yara mu nemi jirgi mu bar jihar nan yau ɗin nan, ni ma abin da ke raina kenan.

A nan ne na kira layin taimakon kamfanin wanda suka ce awa 24 yake aiki. Na daɗe akan layi kafin a ɗauka, wannan ban ga laifinsu sosai ba dan rabin jihar ke kira. Matar da ta ɗauka tana da ladabi da haƙuri, ta saurare ni tsaf, sannan ta ce min in na sayi sabon tikiti yau na tafi da kaina babu tabbacin za su biya, saboda har yanzu ba a soke jirgina ba. Na ce mata baiwar Allah guguwa mataki na 5 tana nufo inda jirgin zai tashi, ta ce ta sani kuma ta fahimci damuwata amma inshorar ba ta biyan tsoro ko hasashen masu yanayi, sai abin ya faru, wato a soke jirgi, ko hukuma ta ba da umarnin dole a tashi daga inda masaukinka yake, ko masaukin ya lalace ba zai zaunu ba. Gaskiya raina ya ɓaci. Mutum yana da ƙananan yara yana so ya fitar da su tun hanya na buɗe, abin da hukumomi ma suke roƙon mutane su yi kenan, amma tsarin biyan kuɗin kamar yana cewa ka jira tukuna. Wannan shi ne babban aibin wannan inshorar a wurina kuma shi ya cinye tauraro ɗayan nan. Akwai wani nau'in da ake ƙara kuɗi a saya wanda zaka iya soke tafiya akan kowane dalili, amma shi kashi 50 zuwa 75 kawai yake mayarwa, dole ka saye shi cikin makonni biyu zuwa uku da fara biyan kuɗin tafiyar, kuma sai ka soke kamar kwana biyu kafin ranar tashi, dan haka wanda ya riga ya iso kamar mu ba zai amfane shi ba.

Na duba tikitin ma kujerun sun ƙare, 'yan waɗanda suka rage mu duka ba za mu samu a jirgi ɗaya ba. Kamfanin jirgin ya turo saƙo cewa an yafe kuɗin canjin rana ga masu tashi daga filayen Fulorida, abu mai kyau, amma yafiya ba ta ƙirƙiro kujera. Fita da mota kuma hotunan babban titin I-75 da muke gani motoci ne bamba da bamba duk da an dakatar da karɓar kuɗin hanya, gidajen mai da yawa sun ƙafe. Filin jirgin Tampa ya rufe ranar Talata da safe, na Olando ya bi bayansa safiyar Laraba. Sai muka yanke shawarar mu zauna a otal ɗinmu na Olando, tunda tsakiyar jiha yake nesa da teku kuma ginin kankare ne mai ƙwari.

Abin da ya taimake ni wajen yanke wannan shawarar ba inshorar ba ce, shafin cibiyar sa ido kan guguwa ta Amurka ne da ke Miyami wadda ake kira NHC, kyauta ne kuma duk awa shida suke sabunta bayani, ƙarfe 5 da 11 na safe, 5 na yamma da 11 na dare, in abin ya matso suna ƙara wasu a tsakani. Dan Allah duk mai tafiya yankin nan ya koyi karanta taswirarsu. Wannan zanen mai kama da mazurari da ake nunawa a labarai hanyar da tsakiyar guguwar zai iya bi ne kawai yake nunawa, ba faɗin ɓarnar ba, kana wajen zanen ma iska da ruwa za su iya samunka. Kuma lambar matakin nan iska kaɗai take aunawa, alhali ruwa ya fi kashe mutane, har da tunkuɗowar teku zuwa cikin gari, shi ya sa ake raba unguwannin bakin teku A, B, C ana kwashe mutane bisa haka. In sun sa gargaɗin farko ana nufin kamar awa 48 ya rage kafin iska mai ƙarfi ta iso, na biyu mai tsanani awa 36.

Ranar Talata muka shiga shiri. Ruwan sha shawarar hukuma galan ɗaya ne ga kowane mutum a rana, kusan lita 4 kenan, kuma kafin mu samu sai da muka zaga shaguna dan kantocin ruwa da burodi duk an share. Muka sayi abincin gwangwani da biskit da madarar yara da tocila da batir, na cika tankin mota, na ciro tsabar kuɗi dan in wuta ta ɗauke kati ba zai yi aiki ba, muka yi cajin wayoyi da fawa banki, fasfo da takardu muka sa a leda muka ɗaure, muka tara ruwa a bahon wanka. Duk wannan sayayyar inshorar ba ta biya ba in banda abin da ya shiga lissafin abinci, ban kuma yi tsammanin za ta biya ba.

Laraba tun da rana wayoyi suka fara ƙarar gargaɗin ƙaramar guguwa mai juyawa ɗin nan da ake kira tornado, a ranar kaɗai an fitar da irin wannan gargaɗin sama da 100 a jihar, kuma a gundumar St. Lucie can gabashi nesa da inda Milton ta sauka tornado ɗin ta kashe mutane, Allah ya kyauta. Da dare wajen takwas da rabi ta shigo ƙasa ta Siesta Key kusa da Sarasota tana mataki na 3. Mu dai mun kwana muna jin iska na dukan taga muna addu'a, yara a ɓangaren da babu gilashi, wuta ta yi ta ƙyaftawa. Da safe muka ga rufin filin wasan Tropicana da ke St. Petersburg kusa da Tampa a yage a labarai, gidaje da shaguna sama da miliyan 3 babu wuta. Alhamdulillahi mu lafiya lau.

Yanzu batun biyan kuɗin, wanda nan ne suka burge ni. Kuɗin tikitin da aka soke ba ma aikinsu ba ne, a dokar Amurka in kamfanin jirgi ya soke tashi kuma ba ka karɓi wani jirgin da suka ba ka ba dole su mayar maka da kuɗinka ko da yanayi ne dalili, kar ka yarda a lallaɓa ka da takardar bashin tikiti in kuɗi kake so. Mu canji muka karɓa, aka mayar da mu tashi daga Olando a ƙarshen mako bayan filayen sun buɗe ranar Juma'a. Amma kamfanin jirgi ba ya biya maka otal ko abinci in matsalar ta yanayi ce, wannan giɓin shi inshorar ta cike. Sun biya ƙarin kwanakin da muka yi a otal ɗin Olando da abinci, sai dai akwai iyaka ta kullum ga kowane mutum, kuma da yake otal sun cika da mutanen da suka gudo daga bakin teku kuɗin ɗakin ya ɗan haura iyakar, na cika sauran daga aljihuna. Otal ɗin bakin tekun da na riga na biya wanda ba a mayar da kuɗinsa shi ma sun biya shi cif, saboda yana cikin yankin da aka ba da umarnin tashi dole. Tikitin wurin wasan yara da ba mu yi amfani da shi ba sun ƙi, suka ce tunda wurin ya yarda a yi amfani da shi wata rana to ba asara ba ce, na yi musu bayanin cewa ba garin muke zaune ba amma ina. Ƙarin kwanakin motar haya ma sai da na sake turo bayani kafin su amince da wani sashe.

Takardu kam suna so ba kaɗan ba. Saƙon imel na soke jirgi, wasiƙa daga otal cewa bai mayar min da kuɗi ba, shaidar umarnin tashi na gundumar wanda na ɗauki hotonsa a shafinsu tun ranar da ya fito, da rasit na kowane abinci, wanda babu rasit babu biya. Uwargida ce ta riƙa tara su a jaka ni kuma ina ɗaukar hoto, Allah ya saka mata. Manhajar tasu ta waya tana da sauƙin loda takardu amma ba ta nuna maka inda fayil ɗinka ya tsaya, kullum rubutu ɗaya ne wai ana dubawa, sai ka kira kafin ka ji cewa wata takarda suke jira. Kuɗin sun shigo kashi kashi, na otal ɗin teku ya riga, na ƙarin kwanakin Olando ya ɗau makonni.

Zan sake saya in tafiya ta kama ni Fulorida ko tsibiran Karibiyan a watannin nan, amma zan ɗauki wadda iyakarta ta kullum ta fi wannan yawa, kuma kafin in biya zan kira su in tambaya ko gargaɗin guguwa na NHC kaɗai ya isa dalilin katse tafiya, dan akwai kamfanonin da ke sa wannan sharaɗin a wasu tsare-tsarensu, tawa ce ba ta da shi.