Kajin ado ko kiwon karnuka: wanne ya dace da mai ɗan fili a bayan Jidda?

Ɗan uwanmu ya ce shi da abokinsa sun kama hayar istiraha, wato gidan hutu mai fili, a bayan gari, akwai fili akwai ruwa, sai hankalinsa ya rabu biyu. Ko dai ya zuba kajin ado irin su Brahma da Silkie yana kai su gasa da gwanjo, ko ya sayi macen German Shepherd ko Saluki, ya riƙa kai ta barbara yana sayar da ƴan kwikwiyo. Malam, in ta ni ne, ka kama kaji. Ga dalilaina, sai ka auna da kanka.

Aikin mai kiwo na gaskiya iri ɗaya ne a ɓangarorin biyu, wato zaɓe. Ka haɗa uwa da uba, ka duba abin da ya fito, ka ware na kirki. A kowace ƙyanƙyasa kaɗan ne za su cika siffar da alƙalin gasa ke nema, kuma wajen rabi zakaru ne. To ina za ka kai sauran? Nan hanya ta rabu. Zakaran Brahma da ya fito da zanko karkatacce ko ƙafa babu gashi, ka ciyar da shi ƴan watanni ya shiga kabsar Juma'a, wato dafa-dukan shinkafa da nama ta Saudiyya, ba ka da laifi wurin kowa. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Kwikwiyon da ya fito da matsalar ƙugu kuwa babu tukunyar da za ta karɓe shi. Rai ne da zai iya shekara 10 zuwa 14, kuma kai ka jawo shi duniya. In wanda ya saya ya gaji da shi bayan wata shida, ko dai ka karɓi abinka, ko ya ƙare a bola tare da karnukan da ke yawo a bayan gari.

Ko lissafin gado ma haka yake. Ka haɗa kaza mai launin shuɗi-shuɗi da zakara irinta, rabin ƴan tsakin ne kawai za su ɗauko launin iyayen, kwata su fito baƙaƙe, kwata farare masu ɗigo-ɗigo. Shi ya sa wanda ya sayi ƙwai a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet, saboda hoton uwar yakan zaci an cuce shi, alhali wani lokacin ba cuta ba ce, haka jinin yake rabuwa. Asararsa launi ce kawai. A karnuka akwai launin dabbare-dabbare da ake kira merle. Ka haɗa biyu masu shi, kwatan ƴaƴan za su gaji launin ta uwa da ta uba, kuma a cikinsu ake samun kurame da makafi. German Shepherd ba shi da wannan launin a asalinsa, amma yana da tasa larurar, wato gocewar ƙashin ƙugu, wadda ba a gane ta da ido a kan ƙaramin kare. Sai an yi wa uwa da uba hoton ƙashi bayan sun girma. Duk wanda ya ce maka karensa lafiyayye ne amma bai da hoton, to fatar baki ce.

Sai batun lokaci. Ƙwan kaza kwana 21 ne a inji, zafi wajen digiri 37.5, a daina juya shi a rana ta 18, a ƙara danshi. Brahma ba ta saurin girma, takan kai wata shida zuwa bakwai kafin ta fara ƙwai, amma duk da haka cikin shekara guda ka ga jikoki, ka gane ko zaɓenka ya yi. Karya cikinta kwana 63 ne, kusan sau biyu take neman namiji a shekara, kuma mai tsoron Allah ba ya haɗa ta a karon farko, yakan bari ta kusa shekara biyu. In ta haihu, ƴan kwikwiyon ba sa barin uwa sai sun cika mako takwas. A cikin makonnin nan kai ne mai ba da maganin tsutsa, kai ne mai kai su allurar farko ta rigakafin cututtukan parvo da distemper, daga baya ta haukan kare idan sun kai wata uku. Wannan ba aikin mai leƙa istiraha ranar Alhamis da daddare ba ne. Kaji suna iya haƙuri da mai gadi ya zuba musu abinci da ruwa. Karen da ya tashi a ɗaure ba ya ganin mutane, ko ya zama matsoraci ko ya zama mai cizo.

Kada ka ɗauka kaji ba su da nasu tashin hankalin. Inda suka fi kare haɗari shi ne annoba. Gasa da gwanjo wuri ne da tsuntsaye daga gidaje daban-daban ke shaƙar numfashin juna a keji kusa da keji. A watan Disamba na 2017 aka gano murar tsuntsaye nau'in H5N8 a kasuwar tsuntsaye ta Aziziyya a Riyad, aka hallaka dubbai. Cutar Newcastle ma tana iya share akurki cikin ƴan kwanaki. Don haka duk kazar da ta je gasa ta dawo, ko wadda ka sayo a kasuwar tsuntsaye ta Khumra a Jidda, ta zauna ita kaɗai mako uku zuwa huɗu, da mazubin ruwanta daban, kuma ita za ka duba a ƙarshe, ba da farko ba. Takalmin da ka taka kasuwa da shi ya tsaya a bakin ƙofa.

Ita gasar kanta tana da daɗi ga mai son abin. Alƙali zai ɗauki kazar a hannu, ya buɗe fiffike, ya duba zanko da ido, ya ƙirga yatsu. Silkie yatsu biyar ake nema da baƙar fata, in huɗu ne ta faɗi tun kafin a kalli gashinta. Brahma kuma gashin ƙafarta ne abin lallaɓawa: in tana taka jiƙaƙƙiyar ƙasa sai ya kakkarye, dole a shimfiɗa mata busasshen garin katako. Ana yi mata wanka kwana biyu ko uku kafin ranar, don gashin ya kwanta. Fara kuwa in ta daɗe a rana sai ta yi ɗorawa-ɗorawa.

Zafin Jidda bai bar kowa ba. Kaza ba ta gumi, kare ma da haki yake rage zafi. Na'urar sanyaya iska mai amfani da ruwa, wadda ke aiki sosai a Riyad saboda bushewar iska, ba ta taɓuka abin kirki a danshin bakin teku. Brahma da German Shepherd duk masu kaurin gashi ne, duk za su ci maka kuɗin wuta. Saluki ne ɗan ƙasa a wannan fannin, sai dai shi gudu yake so a fili mai faɗi, ba zagayen katanga ba. Masu kawo Husky, karen ƙasashen ƙanƙara, garin nan kuwa, Allah ya shirye su.

Akwai kuma abin da kaji ba su da shi sam, wato maganar malamai. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa mai ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladarsa na raguwa kullum, a wata ruwaya ƙiraɗi (wani ma'aunin lada) ɗaya, a wata biyu. Hani ya zo kuma a kan cin kuɗin kare. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun hana sayarwa, Hanafiyya sun halatta. A Malikiyyarmu abin da ya shahara hani ne, ko da yake Sahnun, ɗaya daga manyan malaman mazhabar, ya yarda a sayar da karen da shari'a ta ba da izinin ajiyewa. Tunda sayarwa ce a ranka, ka zauna da malaminka kafin ka fitar da riyal ko ɗaya. In kuma iƙama, wato takardar zama ta baƙo, ke gare ka ba takardar ɗan ƙasa ba, ka sani ciniki na kanka ba da izini ba saɓa doka ne, ko kaza ce ko kare. Ranar da aiki ya ƙare aka buga maka bizar fita ta ƙarshe daga ƙasar, kaji talatin ka rabar da su a yini ɗaya. Manyan karnuka uku fa, wa zai karɓa?

In gadi kake so a istirahar, ka nemi kare ɗaya, a yi masa allurai, a sa masa ƴar na'urar shaida a ƙarƙashin fata, a dandaƙe shi wurin likitan dabbobi, ka manta da zancen haihuwa. Kajin kuma kada ka tara iri biyar a tashin farko. Ka ɗauki iri ɗaya, zakara guda da kaji biyu ko uku, daga hannun wanda zai bar ka ka shiga ka ga iyayen da idonka. Ka bari sai zafi ya sauka, wajen watan Nuwamba, sannan ka sa ƙwan farko a inji.