Na sayi faifan don Thursday, amma Envy suka riƙe ni

Wata biyu ke nan da wannan faifan garmaho ya shigo hannuna. Na hannu ne, wani ɗan'uwana da ke karatu a waje ya samo mini. Kwalin ya ɗan lanƙwashe a kusurwa, amma faifan garau yake, allura ba ta tsalle ko sau ɗaya. Kamfanin Temporary Residence ne ya fitar da shi a 2008: fuska ɗaya waƙoƙi 4 na ƙungiyar mawaƙa ta Thursday, 'yan Niyu Jazi ta Amurka, ɗaya fuskar kuma 3 na ƙungiyar Envy, 'yan Tokiyo. Dukkansu post-hardcore suke yi, wato jikan kiɗan punk, mai ihu da ƙarar jita.

Saboda Thursday na nema, domin tun faifansu Full Collapse na 2001 muryar mawaƙinsu Geoff Rickly ta kama ni. Waƙar farko ta biya kuɗin sabulu, ganga da jita kamar ana kora su. Daga nan sai gwiwata ta ɗan yi sanyi. Biyu daga cikin huɗun kiɗa ne zalla, ba waƙa, ɗayar ma sake dama ɗayar aka yi. Ba su da laifi, amma wanda ya zo cin tuwo aka ba shi miya kwano biyu, ai da sauran magana.

Da na juya faifan ne labari ya sha bamban. Ba na jin Japananci ko na sisin kwabo, amma mawaƙin Envy, Tetsuya Fukagawa, bai bar ni na damu da hakan ba. Yakan fara da magana ƙasa-ƙasa, kamar mai karanta wasiƙa shi kaɗai a ɗaki, jita na taruwa a bayansa sannu a hankali kamar hadarin Agusta. Kana sakankancewa sai kawai abin ya ɓarke, ya kece da ihun da har maƙogwarona sai da ya yi mini ƙaiƙayi. Daren farko shayina ya huce a gabana ban sani ba, ƙanwata kuma ta leƙo tana tambaya, "Yaya, lafiya kuwa? Wa ake yankawa?"

Wanda bai saba da irin wannan kiɗa ba, ya fara da fuskar Envy, kuma ya sa abin kunne, don ƙaramar sifika tana cinye sassan nan masu sanyi. Ni dai tun makon jiya ban sake juya faifan ba.